Fatoma Kafin Digiri

A 1893 aka buɗe makarantar koyon aikin otal a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, Jami'ar Cornell ta Amurka ta bi sahu a 1922. Yau har digiri na biyu ake yi a fannin.

Mu kuwa tun zamanin fataken goron Gwanja muna da fatoma. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa dukiya, ya nemo dillali, ya tsaya masa in an karɓi kayansa bashi. Bature Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan, ya fitar da littafi kan irin waɗannan masu gida a 1969. Mu marubuta kullum attajiranmu na manyan otal. Fatoma har yau ba mu ba shi masauki a labari ba.