Aikin Jinya Bisa Hujja: Ma'anarsa, Asalinsa da Abin da Yake Buƙata Daga Hukuma

Aikin jinya bisa hujja shi ne ma'aikacin jinya ya ɗora kulawarsa ga majiyyaci a kan abin da bincike ya tabbatar, maimakon abin da ya tarar ana yi don kawai an saba. Kamar murhu yake, duwatsunsa uku: sakamakon bincike mai inganci, ƙwarewar ma'aikacin, da kuma halin majiyyacin da zaɓinsa.

Asalinsa

Masana tarihi kan fara da Florence Nightingale, wadda ta isa asibitin sojan Birtaniya da ke Scutari, a Istanbul ta yau, a shekarar 1854 lokacin Yaƙin Kirimiya. Alƙaluman da ta tattara sun nuna cewa cututtukan da ƙazanta da cunkoso ke yaɗawa sun fi raunukan fagen daga kashe sojoji. Da waɗannan alƙaluma ta matsa wa gwamnatinta lamba har aka gyara tsarin tsaftar asibitocin soja. Sunan da ake kiran tsarin da shi a yau kuwa ya fito ne daga likitocin Jami'ar McMaster ta Kanada a farkon shekarun 1990, daga nan ya shigo fagen jinya.

Misali daga ɗakin haihuwa

Jijjigar masu juna biyu, wadda hawan jini ke share wa hanya, tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a arewacin Najeriya. An daɗe ana kwantar da ita da allurar dayazifam. A 1995 wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa ya nuna cewa maganiziyam salfet ya fi ta hana jijjigar dawowa. A 2002 kuma gwajin Magpie, wanda ya ƙunshi mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya tabbatar da cewa maganin yana rage haɗarin kamuwa da jijjigar da fiye da rabi.

Amma magani ba ya aiki shi kaɗai. Nas ko ungozoma ce ke tsaye a kan mai jinyar, tana ƙirga numfashinta, tana auna yawan fitsarinta, tana gwada harbin gwiwarta, domin waɗannan ne ke nuna ko maganin ya yi yawa a jiki. A 2008, da aka horar da ma'aikata aka kuma wadata asibitoci goma na Jihar Kano da maganin, mace-macen masu jijjiga sun ragu ƙwarai.

Yawan ma'aikata ma hujja ce

Bincike bai tsaya kan allura da ƙwaya ba. A 2002 Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinta sun nazarci asibitoci 168 a Amurka, suka gano cewa duk majiyyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Jihar Kalifoniya tana aiki da dokar da ta ƙayyade yawan majiyyatan kowace nas tun 2004.

Inda hukuma ta shigo

Hujja ba ta da amfani ga nas ɗin da aka bar wa ɗaki cike da majiyyata, babu magani a ma'ajiya, babu na'urar awon jini mai aiki. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, kuma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Ƙwararrun ma'aikatan jinya kuwa suna ta ficewa zuwa Birtaniya da wasu ƙasashe.

Saboda haka duk mai son bin diddigin wakilinsa yana da tambayoyi uku da zai yi masa: nas nawa ke kwana a ɗakin haihuwa na babban asibitin yankin, shin akwai maganiziyam salfet a ajiye, kuma yaushe rabon da a sake horar da ma'aikatan.