Zaure, Fada da Aji: Tarihin Koyar da Adon Harshe a Arewacin Zamfara

Adon harshe shi ne dabarar da mai magana ke bi ya kauce wa faɗin abu kai tsaye, ya lulluɓe shi da kamance ko alama ko kambamawa, domin maganar ta ƙara nauyi da armashi a kunnen mai sauraro. Ɗalibin Hausa na yau yakan fara jin sunayen waɗannan dabaru a makarantar sakandare, har ya ɗauka cewa boko ne ya zo da su, alhali tarihin ƙasar da ta haɗa Ɗan Isa da Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi ya nuna cewa an daɗe ana koyar da su a gida da zauren malamai da gidajen makaɗa, kuma abin da aji ya ƙara daga baya shi ne sunaye na Hausa da tsarin nazari.

Yanayin siyasar wannan ƙasa yana daga cikin dalilan da suka sa fasahar harshe ta yi ƙarfi a cikinta. Ƙasa ce ta Zamfarawa tun asali, sai Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18 suka kafa Alƙalawa, sannan jihadi ya zo, Alƙalawa ta faɗi a 1808 a yaƙin da Muhammadu Namoda, wanda Ƙaura ta ci sunansa, yake cikin jagororinsa. Abin da ya biyo baya shi ne fadoji masu yawa kusa da juna: Sarkin Kiyawa a Ƙaura, Sarkin Zamfara a Zurmi, Sarkin Burmi a Moriki da Sarkin Gobir a Isa, kowanne da tarihin da yake taƙama da shi da 'yan'uwan da ke hanƙoron gadon sarautarsa. Inda sarakuna suka yi yawa, gasa takan yi zafi, kuma gasar da ba a son ta kai ga takobi ta bakin makaɗi take fita, wanda dole ne ya iya ɗaga ubangidansa sama da kowa, ya kuma soki abokin hamayya ba tare da ya kama suna ba.

Makarantar farko dai gida ce da dandali. Yaron da kakarsa ke jefa masa kacici-kacici, wato tambayar da ake siffanta abu da kamannin wani abu a nemi a gano shi, yana koyon haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka a zahiri, wanda shi ne tushen kowace siffantawa. A tatsuniya yana ganin gizo da kura da zaki suna magana suna ƙulla makirci irin na mutane, a karin magana yana koyon cewa ana ambaton abu a nufi wani, a waƙoƙin daka da na gaɗa kuwa yana jin yadda mata da 'yanmata ke habaici, wato sukar da ake yi a fakaice ta yadda wanda ake nufi zai gane amma ba shi da hujjar kai ƙara.

Makaranta ta biyu ita ce zauren malami, inda aka fara bai wa waɗannan dabaru sunaye, sai dai da Larabci. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi sun yi kimanin shekara biyar suna wa'azi da karantarwa a Zamfara kafin jihadi, kuma ilimin balaga, wato sanin yadda magana ke dacewa da muhallinta, yana cikin fannonin da malaman wannan zamani suka ɗauka da muhimmanci, domin ba a fahimtar Alƙur'ani yadda ya kamata sai da shi. Balaga ta kasu uku: ma'ani, mai duba tsarin jimla da manufarta, bayani, mai duba tashbihi da isti'ara da kinaya, da badi'i, mai duba kayan ƙawata lafazi. Almajirin da ya yi nisa yakan karanci Jauharul Maknun na Ahdari da Uƙudul Juman na Suyuɗi, ya kuma ga aikin ƙa'idojin a cikin Ishiriniya da Burda da Maƙamatul Hariri da waƙoƙin jahiliyya. Malami yakan karanta baiti, ya fassara shi kalma bayan kalma da Hausa, sannan ya tsaya ya nuna abin da aka kamanta da abin da aka kamanta shi da shi da fuskar kamancen, kuma ta wannan hanya ce dabarun suka ratsa cikin waƙoƙin wa'azi da na madahu da aka rubuta da ajami.

Makaranta ta uku, wadda ta fi barin suna a wannan yanki, ita ce gidan makaɗi, inda ba a san sunan tashbihi ba amma ana aikata shi kullum. Yaro yakan shiga ƙungiya yana ɗaukar kayan kiɗa, daga nan ya zama ɗan amshi, wato mai karɓa wa jagora, ya shekara da shekaru yana maimaita gindin waƙa, wanda shi ne layukan da ake komawa gare su bayan kowane ɗa, wato baiti, har kunnensa ya saba da awon karin da inda ake sauke numfashi. Sai ya ƙware sannan a ba shi damar yin ƙari, wato ya cika maganar da jagora ya faro, kuma a nan ne ake gane ko ya iya zaɓen kalma, domin idan ya kawo kamancen da bai dace da darajar wanda ake wa waƙa ba, gyaran yakan zo nan take daga jagora ko daga fuskokin fadawa. A haka yake koyon cewa giwa da zaki da gamji da dutse na sarki ne, kura da biri da jemage kuma na wanda ake wa zambo, da kuma cewa gwani shi ne wanda zai ɗauki tsohuwar siffar da kowa ya sani ya juya ta ta fito sabuwa.

Ibrahim Narambaɗa, ɗan Tubali ta ƙasar Shinkafi, shi ne babban misalin abin da wannan tarbiyya ke haifarwa. Ya fara da waƙoƙin noma kafin ya koma kiɗan kotso ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, ya kuma rasu a wajajen 1960, amma har yau Bakandamiyarsa da waƙarsa ta doki Ɗanhilinge suna cikin abubuwan da manazarta ke komawa gare su idan ana maganar zurfin ma'ana. Kayan adonsa na ƙasarsa ne, wato gulbi da damina da doki da gona da namun daji, abubuwan da mai sauraro ya sani da idonsa, shi ya sa kamancen ke kama zuciya ba tare da an yi sharhi ba. A yammacin Zamfara, Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya tashi yana amshi a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda da ta wansa Abdu Kurna, kuma Sa'idu Faru ma gadon kiɗa ya yi. Fasahar ba ta tsaya a fada ba, domin Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri, ya gina waƙoƙinsa a kan kirari, wato jerin siffofin yabo da zuga, da kambamawar da ke sa mai sauraro jin cewa ƙarfe ba ya cin jiki.

Makaranta ta huɗu, wato ajin boko, ta zo ne a hankali. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, littattafan boko na Hausa suka fara fitowa daga Zariya a shekarun 1930, sannan gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya kai muryoyin makaɗan Zamfara ko'ina a ƙasar Hausa. Da aka fara nazarin Hausa a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, sai buƙatar kalmomin nazari ta taso, Ɗalhatu Muhammad ya tattara kalmomin fannin adabi tun a shekarun 1970, Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa hanyar nazari a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, Sa'idu Muhammad Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, Abdullahi Bayero Yahya ya rubuta Salo Asirin Waƙa, Aliyu Muhammad Bunza kuma ya keɓe littafi guda ga Narambaɗa. Daga irin waɗannan ayyuka ne ɗalibi ya samu kamantawa, inda ake gwada abu biyu da kalma irin su kamar ko tamkar ko awa, kamar a ce mai kyauta tamkar rijiya yake, da siffantawa, inda ake jefar da kalmar gwaji a ce shi rijiya ne, da mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa, wato bai wa abu halin mutum, ko bai wa mutum halin dabba ko na abu marar rai, da alamtarwa, inda abu guda ke tsaya wa wata ma'ana mai faɗi.

Ribar wannan tsari babba ce, domin ya tabbatar da cewa makaɗin da bai shiga aji ba yana da ilimin da ya cancanci nazari, ya kuma bai wa Bahaushe damar tattauna fasaharsa da harshensa. Sai dai ya zo da illar da malamai da yawa ke kuka da ita, wato ɗalibi ya haddace ma'anar siffantawa domin jarrabawar WAEC ko NECO, amma a ba shi ɗan waƙa ya kasa faɗin dalilin da ya sa makaɗi ya zaɓi wannan dabba ya bar waccan, balle ya ƙirƙiri tasa siffar. Matsalar tsaro da ta addabi Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Ƙaura, wadda ta kai ga rufe makarantun jihar a 2021, ta ƙara tsananta lamarin, domin ta rage hirar dare da wasan dandali da bukukuwan da yara ke tsintar harshe a cikinsu.

Abin da wannan tarihi ke nuna wa malamin Hausa a Ɗan Isa ko Moriki ko Badarawa shi ne jerin da magabata suka bi: sauraro da farko, sannan maimaitawa, sannan gwaji da gyara, sunaye kuma daga ƙarshe. Malamin da ya kunna wa ɗalibansa muryar Narambaɗa, ya sa su tambayo iyayensu kirarin garinsu da karin maganar sana'ar gidansu, ya kuma nemi kowa ya siffanta kasuwar Shinkafi ko cikar gulbin Gagare da kalmominsa kafin ya rubuta musu ma'anar kamantawa a allo, ya haɗa amfanin zaure da na fada da na aji a darasi guda, kuma ɗalibin da aka koyar ta haka zai ci jarrabawa, ya kuma iya magana.