Ɗan Dokan En'e a Ƙasar Mafara: Wa Yake Yi wa Aiki?

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, ba su zuba 'yan sandansu a ƙauyuka irin su Garbadu ba. Dogaran sarakuna suka tarar, suka bar su a bakin aiki, daga baya aka ɗinka wa wasu kaki aka kira su 'yan doka a ƙarƙashin En'e. Sarkin Mafara, da Sarkin Burmin Bakura, da Sarkin Kayan Maradun a lokacin hakimai ne na En'en Sakkwato, kuma ta hannunsu haraji da jangali ke isa baitulmali. Ɗan doka ne ke kamo wanda bai biya ba, ya tsaya a ƙofar alƙali, ya raka mai laifi gidan yari. Shugabancin rundunar kuwa sau da yawa na 'ya'yan sarauta ne: Usman Nagogo ya riƙe ta a Katsina kafin ya zama sarki a 1944, Ado Bayero ma ya yi Wakilin Doka a Kano kafin 1963. Ra'ayina shi ne, halin ɗan doka ya bi wanda ke da ikon tuɓe shi, kuma talaka ba ya cikin masu wannan iko. Shi ya sa da aka kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a 1950, kulkin da aka tanada don ɓarawo ya koma kan masu lacca.

Amurka ta ga irin wannan. Jim Clark, shugaban 'yan sandan gundumar Dallas a jihar Alabama, kujerar zaɓe yake kai, amma baƙaƙen fata, waɗanda suka fi yawa a gundumar, an hana su rajista. Mutanensa na cikin waɗanda suka daki masu maci a gadar Selma ran 7 ga Maris 1965. Da dokar 'yancin zaɓe ta ba baƙaƙe ƙuri'a, ya faɗi zaɓe a 1966.

Dattawa za su ce a zamanin ɗan doka ɓarawon shanu bai isa ya kwana a ƙasar hakimi ba, domin mai unguwa ya san kowane baƙo. Wanda ya ga halin da Zamfara ke ciki yau ba zai raina wannan magana ba, kuma sanin ƙasa makami ne na gaske. Sai dai sanin da ya kama ɓarawo shi ne ya gano gidan ɗan adawa. Wasu kuma za su ce ai an yi maganin abin lokacin da gwamnatin soja ta narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin amsa. A Afrilun 1980, manoman da madatsar ruwan Bakolori ta cinye wa gonaki suka tare hanyoyi suna neman diyya. 'Yan sandan kwantar da tarzoma na tarayya aka turo musu, baƙi da ba su san kowa ba, suka buɗe wuta suka ƙone gidaje, kuma har yau alƙaluman gwamnati da na manoma kan yawan mamatan ba su haɗu ba.