Daga Sisi Zuwa Infoma: Turancin da Ya Zauna a Bakin Zamfarawa

Ranar 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta bar fam da sule, ta koma naira da kwabo. Kuɗin sun tafi, amma sunayensu sun ƙi tafiya. Har gobe idan ka nemi rance wurin wani matashi a kasuwar Talata Mafara, in babu zai ce maka ba shi da ko sisi, alhali bai taɓa ganin sisi da idonsa ba. Sisi kwabo shida ne, rabin sule, daga "sixpence" na Ingilishi. Sule daga "shilling" ya fito, fam daga "pound", wanda a bakin dattawanmu na nan yamma yake komawa hwam. Ko bayan canjin kuɗi sun daɗe suna lissafi da shi: fam ɗaya naira biyu, jaka ɗaya naira ɗari biyu.

Kwabo ya fi su labari. Ba sunan hukuma ba ne a Ingila. Sunan kuɗin "penny", amma mutanen titi suna yi masa laƙabi da "copper", wato jan ƙarfen da ake buga shi da shi. Laƙabin ne ya iso mana. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairun 1939, kalmar ta riga ta zama gari, har ba wanda yake jin baƙuncinta. Bayan shekara 34 gwamnati ta buga ta a jikin kuɗin ƙasa. Maganar kan titin Landan ta zama sunan hukuma a Nijeriya, kuma ta bakin talakawa ta bi.

Mun saba ɗauka makaranta ce ta kawo mana Turanci. Makaranta ta zo daga baya, kuma a ƙasar Zamfara ta zo a hankali ƙwarai. Ƙofar farko ta soja ce. Rundunar da Ingila ta kafa a 1897 a ƙarƙashin Lugga, wadda ta ci Kano a Fabrairun 1903, ta yi karo da dakarun Kano a Kwatarkwashi, ta shiga Sakkwato ranar 15 ga Maris, hafsoshinta ne Turawa. Sauran 'yan ƙasa ne, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su. Umarni na fitowa da Turanci, kunnen Bahaushe na karɓa yana gyarawa. Ta haka muka sami soja da kurtu da kofur da saje da samanja da hafsa, muka sami fareti da gadi. Waɗanda aka kwasa zuwa Bama a yaƙin duniya na biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka dawo ƙauyukansu da ƙarin wasu.

A cikin kalmomin soja babu wadda ta yi nisa kamar bariki. A Turanci "barracks" gidan kwanan sojoji ne, iyakarta ke nan. A Hausa ta fara da haka, ta koma sunan masaukin da ake gina wa Di'o a bayan gari idan ya fito rangadi, ta koma unguwar Turawa da ma'aikatansu. Daga nan sai ta bar gini gaba ɗaya ta zama hali. Ɗan bariki shi ne wanda idonsa ya buɗe, ya fita daga ƙarƙashin idon iyaye da na dagaci, ya iya zama da kowa, ba a cutarsa kuma ba a cika yarda da shi ba. Idan aka ce mace ta shiga bariki, an gama magana. Barikanci kuma ya zama sunan wayon da ake koya a can, ya kuma zama sunan gurguwar Hausar da sojojin da ba Hausawa ba suke yi. Har karin magana aka yi mata, aka ce bariki lahirar makwaɗaita. Duk abin da mutanen karkara suka gani game da sabon zamanin da Turawa suka kawo, sha'awarsa da tsoronsa, a cikin wannan kalma guda suka zuba shi. Baturen da ya kawo ta ba zai gane ta ba yau.

Soja ma bai tsaya a bariki ba. Mai shigar burtu da sunan wani ya zama sojan gona. 'Yan siyasar Kano suka samar da sojojin baka, masu shiga rediyo su kare ubangida. Ba ɗaya daga cikinsu da yake da takwara a Turanci. Da zarar kalma ta fara haihuwa irin wannan, ta gama zama aro.

Ƙofa ta biyu ta kasuwa ce da mota. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, don kwasar gyaɗa da auduga. Tare da shi aka sami tasha da tikiti da lebura da helma da sikeli da lodi da kanti da kamasho. Mota ta biyo da direba da burki da giya da taya da faci. Nan ma ba mu bar su yadda suka zo ba. Ana taka wa mai rashin kunya burki ko da bai taɓa shiga mota ba. Wanda ya sauya magana a tsakiyar zance an ce ya sha kwana, ko ya yi ribas. Gosulo kuwa salon magana ne sukutum muka ɗauko. A Ingila "go-slow" yajin aiki ne na wayo, ma'aikata su zo wurin aiki amma su riƙa jan ƙafa da gangan. A Nijeriya ya zama cunkoson motoci, kuma da wannan ma'anar ya shigo Hausa. Wanda ya faɗa wa mutumin Landan cewa gosulo ne ya tsare shi a hanya, zai zaci rikicin ƙungiyar ƙwadago ake yi.

Akwai kalma ɗaya da ta kamata a cire daga wannan jeri, ita ce boko. An daɗe ana koya mana cewa daga "book" ta fito, kuma zancen ya yi daɗin faɗa. A 2013 masanin Hausa Paul Newman ya nuna cewa kalmar tamu ce tun asali, ma'anarta abin da ba na gaskiya ba, abin yaudara. Hujjar na nan a ƙamus ɗin Bargery na 1934, tana nan kuma a bakinmu: biri-boko, da amaryar boko da ake sakawa a madadin ta gaskiya ranar kai amarya. Ashe da kakanninmu suka ce karatun boko, hukunci suka yanke wa karatun. Mu da muka ci moriyarsa muna iya ƙin yarda da hukuncin, amma gara mu san an yanke shi.

Ma'aikatan rediyo sun bi wata hanya dabam, kuma a ganinmu sun cancanci yabon da ba a cika yi musu ba. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962. Kullum labarai na zuwa musu cike da salon maganar Turawa, ga mai sauraro a ƙauye da bai san ko ɗaya ba. Da sun ga dama sun ari kalmomin yadda suke. Sai suka zauna suka ƙera. Gabar Amurka da Tarayyar Sobiyat, wadda Turawa suka kira yaƙi mai sanyi, ta zama yaƙin cacar baka. Ikon hana ƙuduri wucewa a Majalisar Ɗinkin Duniya ya zama hawa kujerar na-ƙi. Tsare mutum a gidansa ya zama ɗaurin talala, daga igiyar da ake sassauta wa dabba ta yi kiwo ba tare da ta tsere ba. Kowane makiyayi a Bakura ya fahimci wannan a jin farko. A kwatanta da abin da muke gani yanzu a shafukan sada zumunta, inda ake ɗauko karin maganar Turanci a jera kalmominsa da Hausa ɗaya bayan ɗaya, a bar mai karatu ya yi ta lalube.

Yankinmu ya sami nasa kason na musamman a shekarun 1970, lokacin da aka datse gulbin Sakkwato aka gina dam ɗin Bakolori. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin, aka gama madatsar a 1978. Ruwa ya ci gonaki da garuruwa, har tsohon garin Maradun sai da aka tashe shi, dubban mutane suka bar gidajensu. Manoman da ba su taɓa zama a aji ba suka wayi gari suna mu'amala da safiyo da injiniya da ɗan kwangila, suna kallon siminti da famfo. Katafila ma sunan kamfanin Amurka ne mai ƙera manyan injuna, Caterpillar, wanda a Turanci yake nufin tsutsar da ke zama malam-buɗe-littafi. A wurin wanda aka baje masa gona, katafila ba ta da wata alaƙa da tsutsa.

Abin da manoman suka nema kuwa da tsohuwar kalma suka neme shi, wadda ta zo mana daga Larabci tun kafin Turawa: diyya. Da biyan ya yi ta jan ƙafa, suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin shugaba Shehu Shagari da gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar jihar Sakkwato, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Mutanen yankin da masu bincike da dama suka ce ɗaruruwa ne. Sunan waɗannan 'yan sanda a bakin jama'a mobal, daga "mobile", kalmar da a Turanci ba ta nufin komai illa abin da ke iya tashi daga wuri zuwa wuri. A ƙauyukan da ke kewaye da Bakolori ma'ana ɗaya gare ta.

Wataƙila shi ya sa ba abin mamaki ba ne da wayar hannu ta shigo a 2001, wadda Turawan Ingila suke kira da wannan kalmar, Hausa ba ta karɓi sunan ba. Gurbin ya riga ya cika. Sai muka koma ga waya, daga "wire", zaren ƙarfen da Turawan mulki suka ja bisa turaku don aika saƙo. Yau abin da ba shi da ko taƙin waya a jikinsa shi muke kira waya. Ta zo da 'ya'yanta: kati, caji, data, sabis, da filashin, wanda a Turanci walƙawar haske ne, a wurinmu kuwa kira ne na wanda bai da kati yana so a kira shi.

Duk wannan tarihi ne ya zaɓa mana, ba harshe ba. Wanda ya tsallaka Maraɗi zai ji Hausawa 'yan'uwanmu suna cewa lakwal a inda muke cewa makarantar boko, mushe a inda muke cewa malamin makaranta, da jandarma. Dala da take sule biyu a wurin kakanninmu, a can faran biyar ce. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta ratsa har cikin baki.

Kalmomin da suka fi nauyi a Zamfara ta yau su ma ta wannan hanya suka zo. Banga, a ra'ayin masana da dama, daga "vanguard" take, wato sahun gaba. A siyasar shekarun 1950, zamanin NEPU da NPC, 'yan banga matasan jam'iyya ne masu rakiyar shugabanni da kare taro, sannan sunan ya koma na masu tayar da fitina a siyasa. Da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka irin su Gidan Goga, sai ya sake juyawa ya koma kan masu tsaron gari, tare da 'yan sa-kai da bijilanti. Da gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da nata rundunar a Janairun 2024, Larabci aka koma aka ce Askarawa.

Sai infoma. A Turanci "informer" yawanci shi ne mai tsegunta wa hukuma asirin masu laifi. A nan ta kifa: infoma shi ne maƙwabcin da ke tsegunta wa masu laifi asirin gari, wa ya sayar da shanu, wa ɗansa ya aiko da kuɗi, ta wace hanya sojoji za su bi. Mu masu sana'ar rubuta manhaja mun san injin fassara ba ya ganin irin wannan juyi. Zai mayar da kalmar inda ta fito, mai karatu a waje ya zaci ana maganar mai taimakon 'yan sanda. Saboda infoma ne, a cewar hukuma, aka katse sabis a faɗin jihar a farkon Satumban 2021, zamanin gwamna Bello Matawalle, wanda shi ma ɗan Maradun ne. Aka rufe kasuwannin mako, mutane suka riƙa hawa mota zuwa birnin Sakkwato don kawai su buga waya. A 2022 aka sa hannu kan dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga 'yan bindiga da masu ba su bayanai.

Hausa tana da munafuki, tana da ɗan leƙen asiri, tana da maci amana. Kowannensu yana da nauyin da aka sani, kuma wanda aka jefa da shi yana iya neman shaida a gaban dagaci ko alƙali. Infoma ba ta jira wannan. A ƙauyen da aka kwana ana binne mutane, ya isa wani ya furta ta a kan wani a bakin masallaci, ko ya tura ta a zauren WhatsApp na 'yan gari. Akwai waɗanda da gaske suke wannan aiki, kuma su suka jawo wa garuruwa da yawa abin da ya same su. Akwai kuma waɗanda rikicin gona ko na aure ne ya sa aka laƙaba musu, kuma kafin a bincika an riga an fitar da su bayan gari.