Suman Ciwon Sukarin Da Aka Daɗe Ba A Kula Da Shi Ba

A 1874 likitan Jamus Adolf Kussmaul ya bayyana yadda mai ciwon sukari kan faɗa dogon suma yana jan numfashi mai zurfi saboda jininsa ya yi tsami. Wannan siffa ta mamaye hankalin likitoci har ta rufe musu ido. A 1886 Julius Dreschfeld na Manchester ya nuna akwai wani suman daban, wanda ke kama waɗanda suka manyanta, galibi masu jiki, ba tare da wancan numfashin ba. Maganarsa ta kwanta sai 1957, lokacin da Sament da Schwartz a Afirka ta Kudu, da de Graeff da Lips a Holan, suka sake kawo rahoton irinsa.

A ganina, jinkirin nan na shekara saba'in ya faru ne domin wannan bala'in ba ya zuwa da hayaniya. Mai ciwon sukari nau'i na biyu yana da ɗan ragowar insulin da ke hana jini yin tsami, amma ba ya isa ya tare sukari. Sai sukarin ya haura 600 a ma'aunin mg/dL, ƙoda ta yi ta fitar da shi tare da ruwan jiki na kwanaki ko makonni, jini ya yi kauri, hankali ya gushe. Abin da ke tayar da shi kuwa sananne ne: ciwon huhu, sanyin mafitsara, shanyewar ɓarin jiki, bugun zuciya, daina shan magani, da ƙwayoyin sitiroyid, ciki har da na ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Tsohon da ƙishirwa ba ta cika damunsa ba, ko ba shi da mai miƙo masa ruwa, shi ya fi shiga haɗari. Wasu ma a wannan suman ake fara gane suna da ciwon.

Wani zai ce ai insulin da aka gano a Toronto a 1921 ya rufe wannan babi. Insulin ya ceci rayuka masu yawa, amma a nan ƙarin ruwa ta jijiya ake fara yi kafin shi, kuma har yau wannan suman ya fi na tsamin jini kisa nesa ba kusa ba, ga shi sau da yawa ana kai marar lafiya a makare. Idan dattijo mai ciwon sukari ya kamu da zazzaɓi, fitsarinsa ya yawaita, barci ya yi masa nauyi ko maganarsa ta fara rikicewa, a kai shi asibiti a ranar.