Daga Kafireto Zuwa Birenbos

Duk wanda ya koyi kanikanci a Kaduna a ƙarshen shekarun 1970, da Fijo ya buɗe ido. Kamfanin PAN da ke Kakuri ya fara harhaɗa Peugeot a 1975, kuma a farkon lamarin ta jirgin sama ake kwaso kayan haɗin daga Liyon ta Faransa a sauke su a Kano, sannan a ƙaraso da su Kaduna. 404 da 504, daga baya 505, su ne motar gwamnati, su ne motar ɗan kasuwa, su ne kuma ke lodi a tasha. A Legas ana haɗa Boswaja, mai inji a baya, wadda ba ta da lagireto domin iska ce ke sanyaya ta. Yaron da ya iya waɗannan biyun, ya ɗan taɓa Datsun da Landiroba, ya isa a yaye shi ya buɗe nasa garejin.

Abin da ya sa haka ke yiwuwa shi ne, motar wancan lokaci komai nata a fili yake. Ka ɗaga bonet ɗin 504, za ka hangi ƙasa ta gefen injin, hannunka kuma zai kai ga kowane noti. Idan mota ta ƙi tashi, tambaya biyu ce kawai: akwai wuta? akwai mai? Sai ka zare wayar fulogi ɗaya ka kusantar da ita jikin injin, ka ce wa yaro ya murɗa makulli. In ta yi tartsatsi shuɗi, to laifin ba na wuta ba ne, sai ka koma kan kafireto.

Kafireto shi ne sarkin gareji a zamaninmu. Aikinsa bai da wuyar fahimta. Injin yana zuƙo iska ta wani maƙogwaro da aka matse tsakiyarsa, saurin iskar a wurin matsin shi ke tsotso fetur ta wasu ƙananan ƙofofi da muke kira jet, su haɗu su shiga injin. Babu wayar lantarki, babu lissafi, sai iska da ƙarfe. Amma ƙofar jet ba ta fi bakin allura da yawa ba, ƙurar hunturu da dattin man bumburutu kuwa ba su da wani aiki sai toshe ta. Don haka kafireton Solex na Fijo ya riƙa ciyar da gidaje masu yawa. Maigidana yakan shimfiɗa tsumma a kan benci, ya warware kafireton ɗaya bayan ɗaya, ya wanke da fetur a gwangwanin madara, ya ɗaga jet sama ya leƙa ta hasken rana, ya hura da baki. In ya mayar, sai ya ɗauki sukundireba ya kama sukurun silo, ya karkatar da kai gefe yana murɗawa a hankali yana sauraro. Babu mai magana a lokacin. Sai injin ya daidaita, ya daina rawa, sannan ya ce, "Kai yaro, kashe."

Kusa da kafireto akwai cok, wata 'yar waya da ake ja daga gaban direba. Da asubar hunturu, musamman a Jos ko Zariya, fetur ba ya son tashi ya bi iska, sai ka ja cok ya rage iskar ya ƙara mai. In ka manta ba ka mayar ba, motar ta yi ta fitar da baƙin hayaƙi tana shan mai har fulogi su yi baƙi ƙirin. Sai kuma kwantak da ke cikin distiributa, 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa don a sami wuta. Tazararsu ba ta kai rabin milimita ba. Masu tsari suna aunawa da fila geji, mu kuwa sau da yawa kwalin ashana ne ma'auninmu, kuma motar ta kai Maiduguri ta dawo. Direban kirki ba ya kama hanya sai da kwantak da kwandensa da fambel na ajiya a cikin aljihun mota. In batir ya mutu, fasinjoji su sauko su tura, a sa giya ta biyu, a saki kuloci. Tsofaffin Landiroba ma da ƙarfen murɗawa suke zuwa, a zura shi ta gaba a juya injin da hannu, duk da cewa tun 1912 Cadillac ta fito da kik na lantarki. Wanda bai iya riƙon ƙarfen nan ba, in injin ya mayar da bugu, babban yatsa ne ke biyan kuɗin.

Duk waɗannan sun tafi, kuma ba mu muka sallame su ba. Hayaƙin biranen Amurka da Turai ne ya kore su. Daga 1975 motocin Amurka suka fara zuwa da matatar hayaƙi a jikin salansa, abin nan da kanikawa a nan suke kira indomi saboda kamannin cikinsa. Matatar ba ta aiki sosai sai iska da mai sun haɗu bisa ƙaidi, kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na fetur, kuma kunnen bakanike komai kaifinsa ba zai iya riƙe wannan ma'auni kowane daƙiƙa ba. Sai aka sa na'ura a salansa tana shinshina hayaƙi, tana kai rahoto ga wata 'yar kwamfuta da muke kira birenbos, ita kuma tana ba nozul umarnin yawan man da zai fesa. Dokar hayaƙi ta Turai da ta fara aiki a 1992 ta rufe wa kafireto ƙofa a can, a 1996 kuma Amurka ta wajabta soket ɗin nan mai ƙofa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike.

Mu a nan labarin ya iso mana a makare, kuma ta hannu na biyu. Bayan shirin SAP na 1986 naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai hanyar Kwatano ta buɗe. 'Yan Beljiyam suka cika Kano da Kaduna da Maraɗi: Golf, Vectra, Carina, Honda kala-kala. PAN ta ci gaba da haɗa 504 har bayan shekarar 2000, alhali a Turai an daɗe da barin ta, don haka muka yi shekaru muna rayuwa da zamani biyu a gareji ɗaya. A lokacin an yi ɓarna mai yawa. Da zarar mota mai injekta, wato mai nozul, ta fara gardama, shawarar da ake ba mai ita ita ce, "Alhaji, a mayar maka da ita kafireto ka huta." A je Ƙofar Ruwa ko Panteka a samo manifol da kafireto, a yanke wayoyi a cusa su gefe. Motar za ta tashi, ba shakka, amma ta koma shan mai kamar an huda tanki. Ga shi kuma har farkon shekarun 2000 fetur ɗinmu mai dalma ne, dalma kuwa tana kashe matatar hayaƙi. Wadda ta tsira daga dalma ba ta tsira daga masu sara ba, da aka gane cewa akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam a cikinta.

Har yau akwai wata al'ada da ta rage daga wancan zamani, wadda nake ganin ta fi kowacce cutar da masu motoci: cire tamostat. Hujjar ita ce wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. A tsohuwar Fijo lamarin ya zo da sauƙi. A motar yanzu kuwa, birenbos yana jiran ruwa ya kai zafin da aka tsara, wajen digiri 90, kafin ya rage mai. In ka cire tamostat, ka kuma haɗa fanka kai tsaye, injin yakan daɗe bai kai wannan zafin ba, sai kwamfutar ta ɗauka har yanzu asuba ce, ta ci gaba da ƙara mai. Wato cok bai mutu ba, ya dai koma ciki inda hannun direba ba ya kaiwa, kuma wanda ya cire tamostat ya ja shi ya bar shi a jaye.

Wannan sauyi ya juya matsayi a cikin gareji. A da mai inji ne babba. Mai wayarin yana can gefe da ɗan kwan fitilarsa na gwaji, aikinsa hon da fitila da cajin batir. Yau shi ake jira. Yaro ɗan shekara ashirin zai zo da na'ura a jaka, ya jona, ya karanta lambar matsala, ya karɓi kuɗin da mu sai mun sauke giyabos muke ganin irinsa. Ban ga laifinsa ba, ya koyi abin da zamani ke nema. Abin da kawai nake gaya musu shi ne na'ura tana faɗin inda ta ji ciwo ne, ba lallai ta faɗi abin da ya jawo shi ba. Sau da yawa an sayi sabuwar sensa alhali ɓera ne ya ci waya. Akwai kuma dillalan da suka gano cewa fitilar gargaɗin inji ba ta damun mai saye in an cire ƙwanta.

A cikin ɗakin motar ma an yi kwashe-kwashe. Giyar 404 a jikin sitiyari take. Ƙaramin gilashin nan mai kusurwa uku da ake karkatawa ya turo iska a fuska ya tafi da zuwan na'urar sanyaya, hannun naɗe gilashi ya bi shi. Magudanar ruwan da ke gefen rufi, wadda ake ɗaure kariya a jikinta a loda buhuna, an shafe ta don rage ƙarar iska da shan mai. Bamba ta ƙarfe mai ƙyalli ta koma roba. Tokar sigari ba ta da mazubi yanzu, amma ramin abin kunna sigarin ya rayu, ya zama wurin cajin waya. Kaset, wanda direbobin tasha suka yi shekaru suna sauraron Shata da wa'azi da shi, ya ba wa faifan CD wuri, shi ma ya ba wa memori da waya. Makulli kuwa a da mai yankan makulli a bakin kasuwa ya ishe ka. Yanzu akwai ɗan guntun lantarki a cikinsa da sai birenbos ya gane shi, in ya ɓata sai ka nemi mai kwamfuta, kuɗin kuma ba na wasa ba ne.

Ba na cikin masu cewa motar da ta fi ta yanzu. Masu faɗin haka sun manta yadda muke sauke inji a kai a kai, da yadda birki ke kullewa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Suna yabon ƙarfin bodin 504, cewa in ta yi karo ba ta lotsewa sosai. Mu da muke zuwa janyo motocin daga bakin hanya mun san cewa ƙarfin da ƙarfe bai shanye ba, jikin mutanen ciki ne ke shanye shi. Motar yanzu gabanta na murƙushewa da gangan, ga bel mai maɗauri uku da Volvo ta fara sawa a 1959, ga jakar iska. Corolla kuma tana iya shekara da shekaru ba a buɗe kan injinta ba.

Abubuwan da nake ƙorafi a kansu su ne waɗanda aka cire saboda hanyoyin wasu, ba namu ba. Na farko safaya taya. 504 tana ɗauke da cikakkiyar taya a ƙarƙashin but. Yanzu wata motar siririya ce a ciki, an rubuta kada a wuce kilomita 80 a sa'a, wata kuma babu ko ɗaya sai kwalbar gam da ɗan famfo. Wannan ya dace da ƙasar da za ka buga waya a zo a ɗauke ka. Gam ba ya ɗinke gefen tayar da rami ya yaga tsakanin Damaturu da Potiskum, balle a hanyar Agadas. Sai allurar zafin inji, wadda wasu motocin suka maye da fitila ja, ita kuwa ba ta kunnuwa sai ruwa ya kusa tafasa, alhali allura tana nuna maka tun tana hawa. Wasu motocin Jamus ma sun cire sandar duba baƙin mai, sai ka tambayi allo. Allon kansa ya haɗiye maɓallan da direba ke lalubawa ba tare da ya ɗauke ido daga hanya ba, har hukumar gwajin lafiyar motoci ta Turai, Euro NCAP, ta ce daga 2026 za ta riƙa duba ko sigina da hon da waifa suna da maɓallan hannu kafin ta ba da cikakken maki.

Masu kafireto na da ba su rasa abin yi gaba ɗaya ba. Babur ɗin acaɓa da A Daidaita Sahu da janareton gida yawanci har yau da kafireto suke aiki, kuma da yawa daga cikin abokan koyon aikina can suka koma. Waɗanda suka tsaya a kan mota kuwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 aikin da ke shigowa ya sake sauya kama: masu neman a mayar musu da mota ta gas, da masu kawo motoci masu haɗa fetur da batir. A irin waɗannan, darasin farko da nake ba sabon yaro kafin ya riƙe sifana shi ne kada ya kuskura ya taɓa waya mai ruwan lemo, domin wutar da ke cikinta takan haura bolt 200.