Laifi da Horo a Yammacin Ƙasar Kano Farkon Zamanin Turawa

Da Turawa suka ci Kano a shekarar 1903, ba su rushe kotunan alƙalai ba. Gwamna Lugga ya bar shari'a a hannun Sarki Abbas da malamansa, amma bisa sharaɗi: aka hana yanke hannun ɓarawo, hukuncin kisa kuwa ba ya zartuwa sai Turawa sun tabbatar. Bulala dai ta ci gaba.

Talakan garuruwan yamma, kamar Gwarzo da Kabo, ya fi jin wannan sauyi bayan da aka umurci hakimai su bar birni su zauna a gundumominsu. Ƙarar satar shanu, ko rikicin gona, ko taurin bashi, ta sami wurin kaiwa kusa da gida. Manyan laifuffuka kuwa dogarai ke rakiyar masu su zuwa majalisar Sarki. Ɓarawon da a dā zai iya rasa hannunsa, sai ya koma zaman gidan yari da aikin ƙarfi.

Abin da ya fi cancantar lura shi ne yadda ma'anar laifi kanta ta juya. Sayar da bawa halal ne a kasuwannin ƙarni na 19, amma dokar 1901 ta haramta shi, ta kuma 'yanta duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu na wannan shekara. Ashe cinikin da uba ya yi a bainar jama'a, shi ne ya iya kai ɗansa kurkuku.